Ta'aziyyar Makaɗin Faransa

Na je ta'aziyya iri-iri a rayuwata, amma sau ɗaya tak na taɓa tuƙa tuwo na kai gidan makokin mutumin da ko hotonsa ban taɓa gani ba, shi ma bai san an halicce ni ba. Wani tsohon Bafaranshe ne, mai tsara kiɗa, irin waɗanda suke rubutawa a takarda wasu su kaɗa. Ya mutu a asibiti can Faransa, mu kuma muka tuɓe takalma muka zauna masa a Greensboro, garin ƙasar waje da muke zaune.

Farkon shekarun casa'in ne, ban daɗe da zuwa daga Kano ba. Maigidana yana karatun digiri na uku kan harkar noma a jami'ar da ke gabashin gari, ni kuma ina gida ina kallon bango. Hausawan garin a lokacin ba mu cika falo biyu ba, shi ya sa kowa ya san abin da kowa ya dafa. Wanda ya girme mu duka shi ne Farfesa, mutumin Maraɗi. Ya tafi Faransa karatu tun yana saurayi, daga can ya gangaro nan yana koyar da Faransanci. Ya taɓa auren wata Baturiya, ba su haihu ba, da za ta tafi ta kwashe kujeru ta bar masa littattafai. Yana zaune shi kaɗai a wani ɗan ƙaramin gida, da tsohuwar motarsa, da kaset-kaset cike da kanta, da bakin da bai taɓa yabon komai ba. In ka gaishe shi sai ya gyara maka gaisuwar kafin ya amsa.

Shekararmu ta farko ba mu da mota, shi yake kai mu cefane duk Asabar. Ba ya karɓar ko sisi, amma muna biya da kunnuwanmu. Da ya tayar da mota sai ya tura kaset ɗin Bafaranshen nan, ya ɗaga yatsa ya ce, "Ekute, ɗiyata," wai in saurara ke nan da Faransanci. Ni dai abin da nake ji, kamar an ture jeren kwanuka daga saman kabad, sai a yi shiru har ka ɗauka kaset ɗin ya mutu, kana cikin godiya ga Allah sai a sake turo wasu. Farfesa ya yi mini bayani cewa mutumin nan da sassafe yake shiga daji da takarda, ya saurari kukan tsuntsaye ya rubuta, sannan ya dawo ya mayar da shi kiɗa. Na ce ashe dai abin da tsuntsu yake yi kyauta shi ne wani ya kwafa yake sayar wa masu ilimi. Ya ce da maigidana ya auro mace mai kunnen katako, Allah ya ba shi haƙuri.

Amma ba zan ci amanarsa ba, ya yi mini rana. Lokacin ina da cikin fari babu abin da raina yake so sai kunun tsamiya. Tsamiya ana samu a shagon Indiyawa, gero ne babu. Na zaga kantuna har ƙafata ta kumbura. Farfesa ya ce in shiga mota. Ya kai ni wani shago da ake sayar da guduma da fenti da tiyon ban ruwa, ya wuce da ni can ƙurya, ya nuna mini buhu mai hoton tsuntsu. Ya ce a ƙasar nan gero abincin tsuntsu ne, shi ma nan yake saya wa tsuntsayen da ke sauka a gidansa. Na tsaya ina kallon abin da ya raini kakannina an ajiye shi kusa da maganin ɓera. Na saya dai, na wanke, na niƙa a injin markaɗe har ya fara ƙaurin ƙonewa. Geron ba irin namu ba ne, duk dabarar da na yi tsararo yake fitowa. Na kai wa Farfesa a kofi don godiya. Ya kurɓa ya ce ga tsuntsu ba laifi. Daga ranar na riƙa kai masa, shi kuma ya riƙa zagin kunun yana shanyewa tas.

Wata Asabar da bazara, lokacin da ƙurar furanni take mayar da kowace mota rawaya, Farfesa bai zo ba. Maigidana ya buga masa waya, ya ajiye da wata irin fuska, ya ce Bafaranshen ne ya mutu, kuma muryar Farfesa da ƙyar take fita. Na ce Allah sarki, tsuntsaye sun huta. Ban gama dariyata ba wayar Hajiya ta shigo. Hajiya 'yar Zariya ce, ma'aikaciyar jinya, ita ce uwar duk matanmu a garin, in ta ce a yi ba a tambayar dalili. Ta ce in ɗora tukunya. Na tambaye ta ko mamacin ƙanen babanmu ne.

"Ba ruwana da wanda ya mutu," in ji ta. "Dattijo yana kuka shi kaɗai a gida. Mai rai za mu je wa. Ki yi sauri, ina da aiki a asibiti da yamma."

Haka muka hallara, takalma jere a bakin ƙofa, maza a falo a kan kafet, mu mata ta wajen kicin. Matsalar farko addu'a ce. Baki ya saba da abin da ya saba faɗa a irin wannan zama, ga shi mamacin ba Musulmi ba ne. Alhaji, mai sayar da tsofaffin motoci, wanda yake jan mu salla in mun taru, ya ɗaga hannu ya ɗauko addu'ar da gudu, ya kai tsakiya ya tuna, sai ya ɓige da tari, ya ƙarasa da Allah ya ba da haƙuri. Duk wanda ya shigo bayansa wannan kalma ya riƙe hannu bibbiyu, har muka watse ba a ƙara komai a kanta ba.

To amma a wurinmu ba a tashi daga ta'aziyya ba a tambayi yadda aka yi ba. Ko ya yi jinya, wa ke kusa da shi, da me ya cika. Wanda aka yi wa rasuwa ya ba da labarin, wani ya shigo ya sake tambaya, a sake bayarwa. Alhaji bakinsa ya riga tunaninsa, ya yi tambayar. Abin da Farfesa yake da shi kaf wani yankin jarida ne wanda bai fi tafin hannu ba, an ce tsoho ne ya haura tamanin, ya mutu a asibiti. Da farko iya abin da ya faɗa ke nan. Da wasu ɗalibai suka shigo, sai ga matar mamacin ta shigo labarin, zaune a bakin gado riƙe da hannunsa. Da azahar ta yi, matar ta tashi ta buɗe taga. Bayan an ci tuwona, wani tsuntsu ya sauka a tagar. Kafin la'asar tsuntsun ya yi kuka, mai mutuwa ya buɗe ido ya gyara masa wani wuri da ya kuskure, tsuntsun ya sake, sannan tsohon ya gamsu ya rufe ido. Wata 'yar Kumasi da ta zo a makare ta yi kuka har da majina.

Ni ina bakin famfo ina wanke kwanuka, duk na ji yadda labarin ya yi ta ƙiba. Da mutane suka ragu na kai masa shayi, na durƙusa kamar mutuniyar kirki, na ce, "Baba Farfesa, kai kana ɗakin ne?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke kina ɗakin da kakanki ya cika?"

Ba na nan, ko haihuwata ba a yi ba, amma na haddace labarin. Kafin in buɗe baki ya karanto mini shi tsaf: ya tara 'ya'yansa ya yafe musu, ya yi kalmar shahada, gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya cika yana murmushi. Ko wasali bai kuskure ba. Ya ce haka nasa kakan ya cika, haka na Alhaji, haka aka aiko masa mahaifinsa ya cika lokacin yana Faransa, mutumin da duk Maraɗi ta san bai iya murmushi ba. Ya ce mutuwa ɗaya gare mu, muna ta aron ta gida-gida kamar tukunyar biki. Shi aƙalla ya ɗinka wa Bafaranshensa wadda ta yi daidai da jikinsa.

Sai ya ajiye kofin. Muryarsa ta sauka.

"Ni ba mata, ba ɗa. Yayata kaɗai ta rage mini a Maraɗi. Ranar da tawa ta zo, na san tukunyar nan za ku ara ku aika mata. Bon, shi ke nan. Ke bakinki ba shi da linzami, yau ya yi amfani. Ki hwaɗa mata abin da ya faru, kada ki ƙara mini ko gishiri."

Na ce masa masu baki irin nasa su suke binne kowa. Bai yi dariya ba, bai kuma ɗauke ido daga kaina ba sai da na ce to. Na tausaya masa a ranar, na kuma ji haushin kaina da na tausaya, don ban saba ba.

Shekaru suka tafi. Muka sayi mota a wurin Alhaji, wadda ta koya mana haƙuri. Na sami aiki a gidan renon yara, nawa yaran suka tashi ina yi musu Hausa suna mayar mini da Turanci. Farfesa ya ajiye aiki, ya koma yawon sauraron tsuntsaye a unguwar Irving Park, wai bishiyoyin masu kuɗi sun fi tsawo, har tsuntsayensu sun fi namu ƙiba. Kunu dai ban fasa kaiwa ba, shi ma bai fasa abin da ya saba ba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ciwon zuciya ya kwantar da shi. Likitoci suka yi ta zagaye-zagayen magana, Hajiya ta fassara mana a taƙaice cewa a shirya. Muka raba zaman jinya, maza safe da yamma, mata da rana. Kullum Alhaji zai biyo kafin ya tafi wajen motocinsa, ya yi karatu a kansa, ya laƙƙana masa kalmar shahada. Farfesa yana maimaitawa sarai. Ranar ƙarshe ma na iso da wuri na ji da kunnena ya faɗa, Alhaji ya ce a sake, ya sake, da aka nemi ta uku ya ce, "Alhaji, na haddace ta tun ba a haife ka ba, tafi ka sayar da motarka."

Aka bar ni da shi. Ban gaya wa kowa ba, amma na zo da shiri. Na taho da 'yar rikoda da kaset ɗin Bafaranshen a jaka, ina ganin in ma tafiyar ce, bari in haɗa masa irin wadda ya ɗinka wa gwaninsa. Na je in buɗe taga, ashe tagar asibitin ba a yi ta don buɗewa ba. A waje babu komai sai filin ajiye motoci da wani mutum yana yanke ciyawa da inji. Tsuntsu ko na magani. Na kunna kaset ɗin. Bai yi nisa ba Farfesa ya yamutsa fuska ya ce in kashe, batirin ya yi sanyi, rikodar tana jan kiɗan, wannan cin mutuncin mamaci ne. Na kashe ina cewa a raina wanda bai gode ba bai gode ba.

Can ya ce ko na zo da kunu. Na zuba daga fulas, na ɗaga kansa, na ba shi cokali biyu. Ya daɗe yana juya na biyun a baki.

"Ya yi ruwa," in ji shi. "Kuma kin cika sukari. Ba haka yayata take damawa ba."

Na ce, "To Allah ya kawo ta ta dama maka."

Na tashi na je ɗauraye cokalin. Da na juyo, kansa ya ɗan karkata wajen bango, bakinsa a tsuke yadda yake yi in an kawo masa abin da bai gamsu da shi ba. Na kira shi bai amsa ba. Na tsaya da cokali a hannu, ruwa yana zuba a famfo, injin ciyawa yana ta aikinsa a waje, na yi salati na danna ƙararrawar kiran nas. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Aka yi masa sutura, aka dawo aka zauna a falon nan dai, a kan kafet ɗin nan. Wannan karon addu'a ta fita ba tari. Aka yi tambayar da aka saba, kafin in motsa Alhaji ya gyara zama. Mutumin da yake can wajen gwanjon motoci lokacin da abin ya faru, shi ya ba da labarin hasken da ya sauko a fuskar Farfesa, da gumin goshi, da murmushi. Kafin la'asar har ƙamshi ya cika ɗakin asibitin. Ana ta waiwayowa ana dubana don in gaskata, na sunkuyar da kai ina juya miya. Da yamma maza suka buga waya wani shago a Maraɗi, aka kira wani ɗan'uwa, aka juye masa tukunyar bikin ya kai wa tsohuwa.

A lokacin, in za a yi wa tsoho magana mai nauyi a gida, kaset ake ɗauka a ba matafiyi, ya ji murya da kunnensa. Wani ɗalibi ɗan Nijar zai tafi hutu, Hajiya ta ce tun da ni ce a ɗakin, muryata ya kamata yayar ta ji. Muka zauna a kicin ɗin marigayin muna kwashe kaya. Duk yawan kaset ɗin gidan babu sabo ko ɗaya, sai na ciro na Bafaranshen da ke jakata, na liƙe ramin gefensa da salatif don ya ɗauki magana. Na ce ko banza yau zai yi aikin kirki.

Hajiya ta san abin da ya faru, na gaya mata tun a asibiti. Ta zaunar da ni ta yi mini karatu. Ta ce tsohuwar ta kusa tamanin, rabonta da ƙanenta an fi shekara goma, abin da ya rage mata a duniya shi ne ta ji ya tafi lafiya. Ta ce in faɗi shahadar safe in tsaya nan, in ɗan ƙara murmushin, ba wanda zai mutu don an ƙara murmushi. Me tsohuwa za ta yi da labarin sukari? Wallahi maganarta ta shige ni. Na ga rashin kunyar abin, a ce dattijo mai ilimi ya bar duniya yana faɗa a kan kunu, kuma ni ce zan kai shi gaban danginsa a haka.

Na danna rikodar. Na yi sallama, na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya. Na ce da safe na ji ya yi kalmar shahada da kunnena, har sau biyu, ta ukun ce ya kori Alhaji. Hajiya ta yi mini alama da hannu in rufe. Na dubi wurin da ya zauna ranar da ya sa na ce to. Sai na ci gaba. Na faɗi tagar da ta ƙi buɗuwa, da rikodar da ya ce in kashe, da cokali biyun, da abin da ya ce, da abin da na mayar masa, da yadda na juyo na tarar da bakinsa a tsuke. Hajiya ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya yi baƙi, amma ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Ta ce na tona wa mamaci asiri. Ta yi makonni tana amsa gaisuwata da hanci.

Ɗalibin ya dawo lokacin da ganye ya fara zuba, ya kawo wani kaset a ƙulle cikin tsumma. Ban yarda in ji ni kaɗai ba, na ɗauka na tafi gidan Hajiya, na ce in zagi ne ta samu damar cewa ai ta gaya mini. Muka kunna. Muryar tsohuwa ce, ana jin awaki a bayanta. Ta gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, har da mutanen da ba ta sani ba. Sannan ta zo kaina.

"Ke ɗiyata mai kunu. An bugo waya an ce mini ƙanena ya cika yana murmushi. Na ce ku koma ku duba, wani kuka binne, wanga ba shi ba na. Ko hawaye ban yi ba, mutane har suna zancena. Da na ji muryarki kin kawo zancen sukari, sai na zauna ƙasa na yi kukana. Shi na. Ashe bai mance hannuna ba."

Hajiya ta cire tabarau ta goge ido da bakin mayafi, ba ta dube ni ba.

Tsohuwar ta ce bayan maganata ta ƙare wata hayaniya ta biyo, ta ɗauka kaset ɗin ya lalace, jikoki suka ce wai kiɗa ne. Ita dai a kunnenta kamar tsuntsaye sun faɗa gonar gero ba mai kora. Amma tun da daga ɗakinsa ya fito, ta riƙe, tana sa a kunna mata in ta gama lazimi. Muna tsammanin ta gama, har Hajiya ta miƙa hannu za ta kashe, sai muryar ta dawo da ƙarfinta.

"Kuma ɗiyata, ki riƙa jiƙa tsamiya da wuri, ki bar ruwa shi tafasa sosai kahin ki zuba. Ki rage sukari. Ƙanena gaskiya garai."

Hajiya ta ce ashe abin na gida ne, ta yi dariya har ta koma kuka.

Na bi abin da ta ce. Ina jiƙa tsamiyar da wuri, ina barin ruwan ya tafasa, na rage sukarin. Kunun yana nan tsararo har yau, don geron dai na tsuntsu ne. Sai dai yanzu duk wanda na ba cewa yake ya yi daɗi.